Ƙarfen da Aka Kafa a Tsakar Gida

Kai mai jar hula, mayar da wayar nan aljihu, na ga hoton. Na kuma ji ka ce har mahaifinka zai riƙa taɓawa saboda hawan jini, za mu zo kan wannan. Tun hantsi kuke zuwar mini ɗaya bayan ɗaya, kowa da hoton wani ƙato mai ƙirji kamar ƙyauren zaure, kuna cewa, "Baba Sani, irin wannan ƙarfen za ka haɗa mana, ai ba wuya, ɗan ɗiga wuta ne kawai." Ɗan ɗiga wuta. To ga ilektirod, sandar walda, ga baƙin gilashi, zo ka ɗiga mu gani. Gobe war haka kana kwance ido ya ƙi buɗuwa, babarka na ɗiga maka madara tana tsine mini. Ku samu wuri ku zauna a kan bencin nan, shi ma ni na haɗa shi, kuma ya girmi wasunku. Ba zan kunna janareta ba sai kun ji abin da zan faɗa, wanda yake sauri ga hanya nan.

Ni a gindin zugazugi na tashi. Mahaifina maƙeri ne a ƙauyenmu, nan tsakanin Ɗanbatta da Kunci, kuma kafin in iya wanke allona na iya zuga. Fartanya, garma, lauje, magirbi, babu wanda bai bi ta hannuna ba. Da na tasa aka kai ni Kano koyon walda wurin wani mutum da ba ya zagi, ba ya duka. In ka gama haɗa abu ka kawo masa kana murmushi, sai ya ɗaga shi sama ya maka da ƙasa. In ya rabu, ya koma bakin aikinsa. In bai rabu ba, ya sake makawa. Na daɗe a shagon nan ba abin da nake yi sai miƙar da rodi da ɓamɓare kashin walda, har na fara tunanin ko mutumin ya manta da ni. Ranar da ya fara ba ni ƙyauren wani shago in haɗa, cewa ya yi, "Bayan ƙofar nan wani zai kwana, ka tuna da shi." Ban riƙe wata doguwar magana tasa ba, don ba shi da ita.

Aikin ƙarfen motsa jiki daga baya ya same ni, bayan na dawo gida na buɗe wannan rumfar. Wani saurayi aka kawo mini daga Dawakin Tofa a kan babur, kafaɗa ɗaya sama ɗaya ƙasa, shi da abin da ya ji masa ciwon. Ya samu manyan gwangwanayen madara biyu ya cika da siminti, ya soka fayif ɗin ruwa a tsakani, fayif ɗin ma irin mai fatar albasan nan. Na ɗora kowane ɓari a hannu, na ji ɗaya ya rinjayi ɗaya nesa ba kusa ba, don a ɗaya ya zuba tsakuwa, ɗayan kuwa yashi ne zalla. Wata da watanni yana ɗaga wannan abu yana murɗe kansa da kansa, abokai na yi masa kirari. Wai so yake in ɗan ƙara masa ƙarfi a tsakiya. Na wurga abin bayan rumfa, yana nan har yau kaji na hawa. Na je wurin 'yan gwangwan na zaɓo faifan birkin mota biyu, ran kasuwa na kai su kan sikelin masu sayen gyaɗa, na yi ta rage wa ɗaya da injin yanka har suka zo daidai. Tun daga ranar ba ƙarfen ɗagawa da ya bar rumfar nan bai hau sikeli ba.

Benci kuwa, wanda ake kwanciya a kai a ɗaga ƙarfe bisa ƙirji, 'yan ƙwallon unguwarmu na fara yi wa. Da farko sun ce nawa ya yi tsada, suka tafi wurin wani da ke can bakin tasha, ya ɗiga musu wuta nan da can, ya lafta jan fenti a kai, suka ɗauko suna murna. Fenti ai rufin asirin mugun aiki ne. Da ƙafa ɗaya ta ɓalle, Allah ya taimaka ƙarfen a gefen kunnen yaron da ke kwance a kai ya sauka. Suka dawo mini da guntaye suna sosa ƙeya. Ni in na gama benci, buhunan gero nake jibgawa a kai, in hau in yi tsalle da wannan tsufan nawa, sannan in bari a fita da shi. Fenti kuma sai mai kaya ya zo ya ga kowane haɗi da idonsa nake shafawa.

Ku da kuke farawa ma, me za ku yi da wannan tulin kayan na cikin hoto? Mai farawa ba ya buƙatar abin da ya wuce 'yan ƙarafan hannu biyu marasa nauyi, waɗanda zai ɗaga yana magana jijiyar wuya ba ta tashi ba, da tabarma, da igiyar tsalle, ita kuwa ko ta ɗaurin akuya ta isa. In ya jure wannan har damina ta zo ta wuce bai watsar ba, ya dawo mu yi maganar benci. Sandar lilo a ƙasa ake kafa ta, a haƙa rami a zuba kankare. Kada wanda ya sake zuwa ya ce in yi masa ƙugiya zai rataya a azarar ɗakin kakarsa. Azarar da gara ta gama da cikinta, ga ƙasa a kai ta sha ruwan marka, sannan ƙato ya kama yana lilo? Ba da hannuna ba. Keken motsa jiki na gwanjo da na'urar gudun nan mai cin wuta kuwa, ku leƙa gidajen masu hali na garin nan ku gani, shanya ake yi a kansu.

Amma duk wannan ƙaramin karatu ne, ko ku in kun zauna kun natsu za ku iya. Abin da ya sa nake bin mutum har gida kafin in yanka ƙarfe, kuna cewa tsohon nan ya cika fi'ili, shi ne in ga inda za a kafa, in kuma ga idon wa zai sauka a kan mai koyo. Mai koyo abin dariya ne, ko wane ne shi. Zai yi nishi, zai yi tangaɗi, wani har tusa. In a gaban wanda yake jin nauyi ne ba zai yi ba, ko da ƙarfen zinariya ka kafa masa. A kan Malam Bukar na ga ƙarshen wannan, kuma har gobe in na tuna raina ɓaci yake.

Malam Bukar manomi ne a unguwarmu, abokina tun muna kiwon awaki. Kakanninsa daga Barno suka zo tun zamanin da ba wanda ya tuna, shi kansa ko zo in kashe ka ba ya ji da Barbarci, amma da yake uwata Bafulatana ce, wasan Barebari da Fulani bai taɓa mutuwa tsakaninmu ba. Bai taɓa kiran sunana ba, sai "bawana". Ni kuma in ce, "Babarbare, gai da ubangidanka." Gandu gare shi babba, gero da dawa da gyaɗa, 'ya'yansa maza na noma a ƙarƙashinsa, matansu na cikin gida, tukunya ɗaya. Babban ɗansa Nasiru ne kaɗai ya fita, yana da shagon kayan waya a Kano, amma ana kai masa rabonsa duk kaka. Ali, mai bi masa, shi ke riƙe da garmar shanu. Wa da ƙanen nan ba sa ga maciji, kowa ya sani, tsohon ne ya riƙe su wuri ɗaya.

A shekarar da man fetur ya yi tashin gwauron zabi abin ya faru. Shekarar ce janaretan nan ya zauna lulluɓe da buhu, ƙarfe ya gagari kowa, ba mai sa ƙyaure ba mai sa taga, na koma kan zugazugin mahaifina ina ƙera fartanya don mu ci tuwo. Da kaka, ana ɗaurin gero, Malam Bukar ya sunkuya zai ɗaga dami, bai miƙe ba. Shanyewar ɓarin jiki, ɓarin hagu, hannu da ƙafa. Aka yi asibitin Kano da shi, ya dawo a kwance, baki ya ɗan karkace amma magana na fita. Likitar gashin ƙashi ta ce musu ƙafar ba ta mutu ba. A kafa masa ƙarfe biyu a jere daidai ƙugunsa, ya riƙa shiga tsakani yana dafawa yana takawa kullum, a kuma rataya masa igiya a kan gare mai juyawa, hannun lafiya ya riƙa jan mara lafiya. Ta ce kada a yi wasa da watannin farko, in suka wuce jijiya ta sandare, shi ke nan. Wannan ko ni na gane, da zafi-zafi ake dukan ƙarfe.

Na je auna shi da karan dawa. Ali ya tallafe shi tsaye, na dafa karan a ƙugunsa na karya. Da Ali ya kwantar da shi ya fita, sai Malam Bukar ya kamo bakin rigata da hannun dama.

"Bawana," ya ce, "in ruwan shuka ya sauka ban taka gonar nan da ƙafata ba, gandun ya watse. Yaran nan jira suke."

Na ce, "Za ka taka, ko don ka zo ka yi wa ubangidanka noma."

Bai yi dariya ba. Ya nuna tsakar gida da haɓa, inda matan 'ya'yansa ke daka, ya ce, "Ba a can ba."

Ba sai ya ƙara ba. Mutumin da tunda aka kawo masa suruka ta farko bai taɓa cin abinci a gabanta ba, bai taɓa fitowa tsakar gida kai ba hula ba, in zai shigo tun daga zaure yake gyaran murya su kimtsa. Shi ne zai tsaya a gabansu yana jan ƙafa, miyau na zuba? Na zaga bayan turakarsa. Akwai wani lungu tsakanin rumbunansa da katanga, kusa da turken shanu, ƙasa mai laushi, ga inuwar darbejiya. Daga ƙofar turakar zuwa can zana biyu sun isa su tare ido. Na ce a raina nan ne.

Da ɗan man da na samu na kunna janareta. Fayif mai kauri na sa, wanda na daɗe ina ɓoyo, na goge duk wani kaifi, na naɗe wurin dafawa da robar tayar keke don kada gumi ya sa hannu ya zame. Garen igiyar da cibiyar ƙafar keke na yi shi. Ranar da na kai kayan a amalanke, na tarar Nasiru ya zo daga Kano, ya sauke keken motsa jiki na gwanjo, yara sun kewaye. Dama shekarar da ta gabata ya yi wa tsakar gidan daɓen siminti sumul, abin alfaharinsa. Ya nuna tsakiya, kusa da wurin wanke-wanke, ya ce, "Baba Sani, nan za a kafa."

Na ce, "Bayan rumbu za a kafa."

"Bayan rumbu kuma? Wajen shanu? In ya faɗi a can wa zai gani? Nan kuwa mata na nan wuni guda, likita ta ce a riƙa sa masa ido."

Na ja shi zaure na faɗa masa ɓaro-ɓaro. Na ce ubanka ba zai yi tatata a gaban matan ƙannenka ba.

Ya ce, "Haba Baba, wannan ai tsohon yayi ne. Ana neman lafiya ana maganar kunya? Su ma 'ya'yansa ne."

"Shiga ka tambaye shi."

Ya shiga, na bi shi. Ya durƙusa ya ce, "Baba, a tsakar gida za a sa ko? Ya fi tsafta." Tsohon ya juya fuska bango ya ce, "Duk yadda aka yi daidai ne." Nasiru ɗan fari ne. Tunda aka haife shi Malam Bukar bai taɓa kama sunansa ba, ba su taɓa doguwar magana ido da ido ba, balle ya buɗe baki ya ce masa ina jin kunyar surukaina. Yaron ya fito yana cewa, "Ka ji ko? Ya yarda." An haife shi a gidan, ya sha ruwan gidan, amma bai san yadda ubansa ke cewa a'a ba. Na ce ni dai hannuna ba zai kafa ba. Ya ce ba komai, aikina walda ne, kuma na gama. Kafin la'asar ya kira birkila, an fasa daɓen, an dasa ƙarfena a tsakiyar gida an zuba kankare. Ya ɗauki hoto ya bi motar Kano.

Ƙarfen nan Malam Bukar bai ko dafa shi ba. Kullum da dalili, yau jiri, gobe sanyi, jibi bari rana ta ɗaga. Matan suka ga ƙarfe na zaman banza suka fara shanya zannuwa a kai, yara na lilo, har akuya na gani an ɗaure a ƙafarsa. Keken kuwa kaza ta yi ƙwai a ƙarƙashi. A majalisa ana cewa tsoho ya cika taurin kai, ɗansa ya yi masa komai ya ƙi taimakon kansa. Wasu suka ce ƙarfen Sani ne bai yi daidai ba. Na ce wa Ali bari in zo da zarto in yanke in mayar bayan rumbu, ya ce sai Yaya ya yarda, shi ba ya son abin da zai jawo magana. Aka kira Yaya a waya, ina tsaye ina ji, ya ce kada wanda ya taɓa, lallashinsa za a yi ta yi. Kwanaki na tafiya, ƙafa na ƙara sandarewa, su suna can suna lallashi.

Da na ga haka na daina neman izinin kowa sai na matarsa, wadda kuke kira Inna Falmata. Ta ce, "Malam Sani, yi abin da za ka yi, ni ban gani ba." Ba ni da fayif, ba ni da mai, amma ina da gatari. Na saro dirkoki irin na rumfa, na samo gora biyu miƙaƙƙu, na kafa a lungun nan daidai tsawon karan dawan da na ajiye. Na baza yashi, na ja zana daga ƙofar turaka. Garen igiyar na ɗauko na rataya a reshen darbejiya. Ba walda ko ɗigo a wannan aikin, kuma a duk abin da hannun nan ya yi ba wanda ya kai shi amfani.

Kullum da hantsi, in mata sun shiga hidimarsu, Ali ya tallafo shi ya kawo, ya tafi ya bar mu mu biyu. Doguwar riga na harɗe masa ƙafa, don haka da 'yar shara yake yi. Ranar farko tsayuwa kawai ya iya, gumi na zuba, yana zagina da ni da shanun kakannina. Sannu a hankali ƙafar ta fara ja, daga ja ta fara ɗagawa. Ya sha faɗuwa a kan yashin nan, in ɗaga shi muna dariya. Abin da ya fi ba mu dariya wandonsa. Ciwo ya zuge shi, ƙugu ya tafi, hannu ɗaya kuma ba ya ɗaure zariya, in Inna ta ɗaure masa tam sai ya ce ta datse masa ciki, ya sassauta. Yana tsakiyar gora sai wando ya sulale. In ce, "Babarbare, yau kuma haka za a gai da ubangida?" Ya ce, "Ɗaga mini, bawa, aikinka ne." In ɗaga in ɗaure mu ci gaba. Kafin zafin bazara ya kankama yana kaiwa ƙarshen gorar ya juyo da kansa. Har ya fara maganar irin gyaɗar da za a zuba a gonar gabas, ya sa na sassaƙa masa sanda yana gwadawa.

Wata Juma'a muna cikin haka sai ga Nasiru ba sanarwa, shi da matarsa daga Kano. Ya ɗaga zana ya ga ubansa a tsaye yana takawa. Wallahi na ga farin ciki a fuskar yaron, ba zan yi masa ƙarya ba, har idonsa ya kawo ruwa. Sai kuma ya dubi gorar, ya dubi kashin shanu a gefe, fuskar ta canza.

"A nan kuka ɓoye shi kamar mai kuturta? Ga ƙarfe mai kyau a tsakar gida, kuka kawo shi bayan rumbu a kan itace? Mutane na can suna cewa ba ya tashi."

Na ce, "Nasiru, bar shi. Ka ga yana tafiya, gode wa Allah ka koma zaure."

"Ai shi ya sa. Kowa ya gani, a daina yi mana surutu. Baba, zo ka nuna musu."

Na tare hanya. Ya ce, "Baba Sani, da girmanka. Ubana ne." Na dubi Malam Bukar ko zai ce wani abu, ya sunkuyar da kai. Da ni ne da ya zage ni tas, amma ɗan fari ne ya yi magana. Nasiru ya saɓa hannun uban a kafaɗa ya fito da shi, ko riga bai tsaya an ɗauko ba, ko hula. Ina biye ina cewa a tsaya a gyara masa zariya, murna ba ta bar shi ya ji ba.

Aka kwashe shanya daga kan ƙarfen. Matan gidan duk suna nan, ta Ali, ta ƙanensa, da ta Kano, sun durƙusa suna "sannu Baba", jikoki sun zagaye. Ba a daɗe da gama wanke-wanke ba, daɓen da danshi. Nasiru ya ɗora hannuwan uban a kan ƙarfe, ya ja da baya ya ɗaga waya. Ni kuma ya ce in matsa, ina shiga hoto.

Malam Bukar ya taka, kansa a ƙasa. Ya sake takawa. Yara suka fara tafi. Yana kaiwa tsakiya na ga wandon ya fara sulalewa. Na yunƙura, amma an riga an matsar da ni nesa. Hannu ɗaya gare shi mai aiki, kuma shi ne riƙe da ƙarfe. Ko ya riƙe ƙarfe, ko ya riƙe wando. Ya saki ƙarfen. Bai ma kai ga wandon ba, ƙafar ta zame a kan siminti, ya zube a gaban surukansa, wando a gwiwa.

Matan suka watse ɗakuna, wata har ta bar takalmi. Wani ƙaramin jika ya yi dariya, uwarsa ta fizge shi. Inna Falmata ce ta cire mayafinta ta rufa masa. Nasiru ya yar da waya ya rungume shi yana laluba ƙugu da gwiwa, ya ɗago yana cewa, "Alhamdu lillahi, ba abin da ya same shi, ko targaɗe babu." Ba abin da ya same shi. A gaban uwarsa Inna Falmata na faɗa wa Nasiru maganar da ban taɓa faɗa wa ɗan wani ba, kuma ban janye ba har yau. Na ce da ka ɗauki tabarya ka karya masa ƙafar da ya fi masa sauƙi, don karaya tana da maɗori.

Aka mai da shi turaka. Washegari na zo da hantsi kamar kullum, dirkokina na nan, yashi na nan. Ya ce jiri yake ji. Kashegari ma haka. Na yi lallashi, na yi faɗa, na zagi Barebari kaf tun daga Barno har nan ko zai tanka, bai tanka ba. Nasiru ya dawo ya durƙusa ya yi kuka, ya ce a tumɓuke ƙarfen a kafa duk inda Baba ke so. Tsohon ya juya bango ya ce, "Duk yadda aka yi daidai ne." Bayan rumbun ma ya ƙi, don ko zana ta tare ido ya san surukan suna jin jan ƙafarsa, kuma ya san abin da suka gani. Ƙafar da muka sha wuya a kanta ta koma ta sandare, har ta fi da.

Ruwan shuka ya sauka yana kwance. Ba a daɗe ba wa da ƙane suka kai ruwa rana a kan wa zai kawo taki, wa zai ce a yi a yi. Dattawa suka shiga, aka ja igiya aka raba gandun, uban na da rai yana jin komai daga ɗaki. Tukunya ta rabu. Aka ja katanga a tsakar gidan, ta bi ta kan daɓen simintin.

Bayan an yi noman farko Malam Bukar ya aiko Inna Falmata ta kira ni. Na shiga da fara'ata, na ɗauka gora za mu koma. Na ce, "Babarbare, yau ka tuna da ubangidanka?"

Ya ce, "Malam Sani, aiki zan ba ka."

Tunda muke bai taɓa kirana haka ba. Na zauna.

"Sakata nake so a ƙofar nan, ta ciki. Ka sa ta ƙasa-ƙasa, inda zan kai daga shimfiɗa. Wadda hannu ɗaya zai iya."

Na ce masa ba na yi. Ya ce in ban yi ba, zai sa a kira mai waldan nan na bakin tasha, ya yi masa mai tauri ya yi ta fama da ita. To ku faɗa mini, ku masu ɗan ɗiga wuta, da ku ne ya za ku yi? Na fita da zarto, na yanko guntun fayif daga ƙarfen nan na tsakar gida, iyakar amfanin da ya yi ke nan. Na zura rodi a ciki, na lanƙwasa masa mariƙi mai faɗi, na goge, na shafa baƙin mai har yatsa ɗaya na tura ta. Na auna inda hannunsa ke kaiwa daga shimfiɗa da karan dawa, na ɗaura.

Na tattara kayana na fito na ja masa ƙyauren. Ban kai zaure ba na ji sakatar ta shige, sumul. Yana nan da ransa, Inna Falmata kaɗai ake buɗe wa. Nakan je in yi sallama, ya amsa daga ciki.

To kai mai jar hula, ka ce har mahaifinka zai riƙa taɓawa. Tashi mu je in ga gidan naku. Wayar ka bar ta a nan.